Gudun da Ke Cikin Gudummawa

Kwara ba ta zuwa da hayaniya. Wanda ya taɓa kwana a Lolo ko a ƙauyukan bakin ruwa na ƙasar Illo a ƙarshen watan Agusta ya san yadda take yi. Yau ta lashi gindin kunya, gobe ta hau kan kunyar, jibi sai ka ga kan shinkafa kaɗai yana leƙe kamar mai jiran a miƙa masa hannu. Masunta sukan kafa kara a bakin ruwa da magariba, su dawo da asuba su duba inda ruwan ya kai. Kafin mako ya zagayo, fadamar da mutum ya zuba wa kuɗin takinsa da guminsa na wata uku ta zama gulbi, jirgi yana ratsa ta. Daga nan gidajen ƙasa su fara shan ruwa daga tushe, rumbu ya jiƙa ya zauna, mata su ɗora tukwane da tabarmi a ka su nufi tudu. Galibi makarantar firamare ake nufa, don ita ce ginin siminti mafi kusa.

Sai rediyo ya fara magana. An kai kayan agaji. An yi alƙawarin tallafi. Wata ƙasa ta ba da gudummawa. Ƙungiyoyin jin ƙai sun nuna damuwa. Gwamna ya je jaje. Na daɗe ina sauraron waɗannan kalmomi suna fitowa daga bakin masu karanta labarai ɗaya bayan ɗaya, kamar duk abu guda suke nufi, kamar an zuba su a ƙwarya an ce kowa ya ɗebi wadda ta zo hannunsa. Alhali kakanninmu ba su ƙera su don su zama kishiyoyin juna a ɗaki ɗaya ba. Kowace da lokacinta, kowace da nauyin da take ɗora wa mai faɗinta. Na kuma lura cewa wanda ruwa ya ci gonarsa bai taɓa rikita su ba. Mu da muke kan tudu, masu biro da makirufo, mu ne muke cakuɗa su.

Agaji kalmar ihu ce. Ba a faɗinta a zaune. Wanda wuta ta kama wa ɗaki, wadda naƙuda ta zo mata da gardama, yaron da ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa a cikin ruwa, su ne masu cewa a agaje su. Kunnena yana jin “gaza” a cikin “agaza”, wato ƙarfin mutum ya kai iyakarsa, sai wani ya ɗora nasa a kai. Shi ya sa Bahaushe in ya rasa ta yi yakan ce Allah ya agaje mu. Shi ya sa kuma samarin nan masu kaki da muke gani a filin Idi da wuraren wa'azi, na Jama'atu Nasril Islam da na Izala, aka sa musu suna 'yan agaji: suna nan a wurin, in wani ya yanke jiki ya faɗi hannunsu ne yake fara isa gare shi. In haka ne, to a ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi mai agaji na fari shi ne Basarke mai jirgi, wanda yake tuƙa kwalekwalensa cikin dare ya shiga tsakanin gidaje yana kwasar tsofaffi da awaki. Sunansa ba ya cikin wani rahoto, ba a kuma taɓa mayar masa da kuɗin man injinsa ba.

Amma kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce gudummawa. Ka faɗe ta a hankali ka ji abin da ke farkonta: gudu. A zamanin ganuwa, in mahara suka tasam ma gari aka buga kuge aka yi yekuwa, mahayan da maƙwabta suka turo a sukwane su ne gudummawa. Kalma ce mai ƙafa, mai ƙura a bayanta. Darajarta duka tana cikin isowa da wuri, domin dawakan da suka iso bayan an ci gari an kwashe mutane, komai yawansu, zaman makoki suka tarar. Yau mun sauke kalmar daga kan doki mun sa ta a ambulan. Ta koma abin da sanƙira yake shelantawa a wurin biki ko taron ƙaddamar da littafi: Alhaji wane ya ba da kaza, a yi tafi. Sau nawa aka yi tafin, kuɗin bai fito ba?

Wannan cuta ta shelar alƙawari ba ta tsaya a zauren biki ba. A ambaliyar 2012, wadda hukumar NEMA ta ce ta kashe mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan 2 da gidajensu, Shugaba Goodluck Jonathan ya ware Naira biliyan 17.6, ya kafa kwamitin tara kuɗi a ƙarƙashin Aliko Ɗangote da Olisa Agbakoba. An yi taro a Abuja, manya sun tashi sun faɗi abin da za su bayar. Watanni bayan haka kwamitin yana ta bin wasu daga cikinsu da kiran su cika abin da suka faɗa da bakinsu. A lokacin ruwa ya daɗe da janyewa.

Duniya ma ta san wannan ciwo, kuma ɗaya daga cikin wuraren da ta koyi darasinsa ƙasar Hausa ce. A 2004 fari da fara suka haɗu suka cinye amfanin gona a Nijar. Kowa ya ga yunwa tana tahowa. A watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi Dala miliyan 16, aka yi mata shiru. Sai da aka nuna hotunan yaran Maraɗi a talabijin a watan Yuli, ƙashin haƙarƙari a waje, sannan aljihu ya buɗe. A ƙarshen wannan shekara, ga tunanin Maraɗi ga na igiyar ruwan tsunami da ta afka wa ƙasashen Asiya a Disambar 2004, Babban Taron Majalisar ya amince da kafa asusun gaggawa da ake kira CERF, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2006. Hikimarsa mai sauƙi ce: a tara kuɗin tun kafin bala'i, kamar yadda magidanci yake cika rumbu da kaka, don kada a tsaya yawon roƙo ranar da ake neman ɗauki. Wato an yi ƙoƙarin mayar wa gudummawa da ƙafarta.

A Bangladesh an ƙara matsawa gaba. A watan Yulin 2020, da ma'aunan ruwa suka nuna kogi zai yi ambaliya, asusun ya saki Dala miliyan 5.2 cikin sa'o'i kaɗan, aka tura wa iyalai kuɗi ta waya kafin ruwan ya kai ƙololuwarsa. Mutane suka sayi abinci, suka kwashe dabbobi, suka yi hayar jirgi. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna karan da masunta suke kafawa a bakin Kwara. Ai mu ma muna da labarin ruwanmu tun kafin ya iso. Kwara tana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ta ratsa Mali, ta wuce Yamai, ta bi tsakanin Gaya da Malanbil, sannan ta shigo Nijeriya ta jihar Kebbi. Cika biyu take yi a shekara. Akwai ta damina mai jan ruwa, wadda ruwan saman yankin nan yake haifarwa, ita ce mai ɓarna. Akwai kuma wadda take isowa da sanyin hunturu, ruwan Gini ne da ya yi watanni yana tafiya. A Yamai akwai hedikwatar Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, mai ƙasashe 9, tana auna tsayin ruwan. A Abuja hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, tana lissafa jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A farkon Satumbar 2020, ranar da ruwa ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, babu wani mai hankali da bai san inda ya nufa ba. Ruwa ba ya hawa tudu. Labari yana riga shi isowa da kwanaki, kuɗi kuma yana biyo bayansa da watanni.

Akwai wani abu kuma da Kwara ba ta sani ba, shi ne iyaka. A ranar 14 ga Yunin 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniya a Faris, suka ja layi ya faɗo bakin kogi mil 10 sama da Giris, tashar jiragen Illo. Da wannan layi Illo ta faɗa hannun Ingilishi, 'yan uwanta na yamma suka faɗa hannun Faransa. Dandawa, Kyangawa, Fulani, Zabarmawa, Hausawa da mutanen Bargu suka wayi gari wasu na nan wasu na can, alhali kaka ɗaya, kasuwa ɗaya, fadama ɗaya. Har gobe mutumin Tsamiya yana da suruki a Segbana, na Lolo yana da ƙanwa a Madekali. In Kwara ta cika, dare ɗaya take shiga gonakin Karimama da Malanbil da na Bagudo. A 2010, shekarar da ambaliya ta shafi mutum kusan 680,000 a Jamhuriyar Benin, mutanen Kebbi da Sakkwato su ma a kan tudu suka kwana, domin a damina ɗin ce ruwan madatsar Goronyo ya biyo gulbi ya share ƙauyuka.

To amma agajin hukuma fasfo gare shi. Kukan wancan ɓangare sai ya bi ta Kandi ya gangara Kwatano da Faransanci. Na wannan ɓangare sai ya hau Birnin Kebbi ya wuce Abuja da Ingilishi. Ofis biyu, kasafi biyu, kuɗi iri biyu, Sefa da Naira, a kan ruwa ɗaya da ya ci mutanen da suke yi wa juna jaje da harshe ɗaya. Manyan masu ba da kuɗi na duniya suna ware kasonsu ƙasa-ƙasa, ba kogi-kogi ba. Don haka yana yiwuwa a raba gidan sauro da maganin tace ruwa a wannan ƙauye, a tsallake na gaba da shi da tafiyar rabin sa'a, saboda layin 1898 ya bi ta tsakaninsu.

Abin da yake ƙetare layin ba tare da takarda ba shi ne zumunci. Buhun masara a bayan babur, ƙullin gari, ɗaki guda da aka share wa baƙi, saniyar da aka karɓa riƙo har ruwa ya janye. Wannan ita ce gudummawa mai gudu, kuma abin baƙin ciki ita ce doka ta fi takurawa. Ambaliyar 2020 ta zo ne iyakokin Nijeriya na tudu suna rufe tun watan Agustan 2019, ba a fara buɗe wasu ba sai Disambar 2020. A ƙarƙashin wannan doka buhun shinkafar da ɗan uwa ya ɗauko wa ɗan uwansa daga ƙetare sunansa fasa-ƙwauri. An kuma hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, a yankin da injin jirgi da injin ban-ruwa duk fetur suke sha. Na san dalilin da aka bayar, na kare manomin shinkafa na gida, kuma manoman Kebbi da dama sun ci moriyarsa. Sai dai doka ba ta bar ƙofar gaggawa ba ranar da manomin da ake karewa shi ne ya koma mai neman abinci. Mutanen Nijar sun san wannan tun 1984, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, har suka sa wa yunwar sunan Buhari, kamar yadda kakanni suka sa wa ta 1914 suna Kakalaba. A 2023 ma, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai da takunkumin ECOWAS, manyan motoci sun yi jerin gwano a Malanbil, cikinsu har da masu ɗauke da abincin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya, gada na gabansu ba halin hawa. Abinci yana kallon masu jin yunwa ta ƙetaren kogi.

Bari in dawo fadama, domin a can ne kalma ta uku take da aiki.

In kana so ka san tallafi, dubi yadda ake miƙa wa mutum jariri. Hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, ɗaya a ƙarƙashin baya, ba a kuma saki sai an tabbata mai karɓa ya riƙe. Haka mai taya ɗaukar kaya yake tallafar tulu har ya zauna a kan gammo. A tsohuwar Hausa yaron da aka ba ka riƙo ka raine shi har ka yi masa aure, shi ma tallafi ake cewa. Kalma ce mai haƙuri, tana da tsawon rai. In agaji na dare ɗaya ne, tallafi na shekara ne ko fiye. Yanzu kuwa an rage mata tsawo, ta koma tiya biyu ta shinkafa da katan ɗin taliya da ake miƙawa a gaban kyamara.

A 2020 shugabannin ƙungiyar manoman shinkafa sun ce ruwa ya shafe kimanin hekta 450,000 a jihar Kebbi, kuma Bagudo tana cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Wannan ita ce jihar da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a cikinta, a Birnin Kebbi, a watan Nuwambar 2015. Manoma da yawa da bashi suka yi shuka. Ruwa ya tafi da shinkafa, ya bar bashin a tsaye, domin bashi ba ya nitsewa. A ƙarshen shekarar 2020 na ziyarci wani dattijo ɗan uwan mahaifina a wani ƙauye na bakin ruwa. Na same shi a gindin bango, alamar ruwa tana nan a jikin ginin daidai ƙirjina. Bayan gaisuwa na ce, “Baffa, an dai kawo muku wani abu ko?” Ya ce, “An kawo, ɗana, mun ci, Allah ya saka musu. Amma abin da aka ci ya wuce. Irin da na ajiye yana cikin rumbun da ya faɗi. Ga ƙasa ta sha ruwa ta yi kyau, ga rani ya zo, hannuna ne babu komai.”

Ban taɓa jin bayanin tallafi da ya kai wannan ba. Ambaliya tana barin laka mai albarka a fadama, kuma noman rani a Kebbi yakan fi na damina auki, don babu fargabar ruwa. Wanda aka ba shi iri mai kyau da taki da man inji kafin lokacin dashe ya wuce, zai iya ciyar da gidansa da guminsa kafin wata damina, ya ma rage bashi. Wanda bai samu ba sai ya sayar da akuya, ya bi ta da sa, ya jinginar da gona, daga nan samarin gidan su kama hanyar ci-rani. Bala'in da ya fi ambaliya daɗewa yana farawa ne bayan ruwa ya janye, daidai lokacin da masu kyamara suka naɗe kayansu. Kuɗin duniya kuwa an fi sakinsa ne don kwanakin ihu. Na iri da gyaran rijiya da ɗaga hanya da gina rumbu a kan tudu ba ya da hoto mai sa kuka, don haka samunsa ya fi wuya.

Ga kuma maganar rabo, wadda nake jin nauyinta a duk lokacin da na ga layi a ƙofar gidan mai gari. Hausa ta ba wannan kalma fuska biyu. Akwai rabon da mutum yake yi da hannunsa, da jerin sunaye da biro. Akwai rabon da Allah ya rubuta wa bawa, wanda ake cewa na kwaɗo ba ya hawa sama. In aka gama raba kaya wata gwauruwa ta koma gida hannu wofi, za ka ji ta ce ba rabonta ba ne. Tana faɗin haka ne da imani, kuma imanin nan shi ne yake riƙe da ita. Amma wanda ya cire sunanta ya sa na ɗan ɗakinsa ba shi da ikon fakewa a bayan wannan kalma. Na ga inda aka rubuta sunaye sau uku kaya bai zo ba, na ga inda kaya ya zo aka raba shi bisa katin jam'iyya. Tawakkalin talaka ba lasisi ba ne ga ɓarawo. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ba kowace jiha Naira biliyan 3 saboda ambaliya. Haƙƙin mutumin Kaoje da Zagga da Illo ne a karanta masa a rediyo, da Hausa da Dandanci da Fulatanci, nawa ya iso ƙaramar hukumarsa, me aka saya, wa aka ba.

A taron ayyukan agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016, manyan masu ba da kuɗi sun yi alƙawarin cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida kai tsaye gwargwadon iko. Shekarar ta zo ta wuce ba a kai ko kusa ba. Kuɗin yana tasowa daga Turai ko Amurka, ya sauka a Janeba ko Niyok, ya biyo ta Abuja, a kowane zango ana sauke wani abu na albashi da mota da taro. Mai jirgin da na ambata, da kwamitin masallaci, da ƙungiyar mata masu adashi, da 'yan sa-kai na Red Cross da ke cikin garin, su ne suka san gidan da tsohuwa take kwance ba ta iya tafiya. Su ne kuma na ƙarshe a layin kuɗi.

Masu fassara sun zaɓi “jin ƙai” ta zama sunan wannan sana'a gaba ɗaya, har ma'aikatar da aka kafa a Abuja a 2019 da shi ake kiranta. Zaɓi ne mai kyau, amma yana da nauyi, domin jin ƙai siffar Ubangiji ce, ita muke roƙa wa mamatanmu. Jin ƙai ba ya duba taswira. Shirin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya kuwa ya yi shekaru yana tsaye a kan Borno da Adamawa da Yobe, saboda yaƙin Boko Haram, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi ta kiran a waiwayi arewa maso yamma. Ba na ƙyashin abin da aka kai wa Borno, sun ga abin da ba mu gani ba. Kuma tukunyar ma ƙanƙancewa take yi. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai suka rage nasu kason, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sauko daga neman Dala biliyan 47 zuwa biliyan 29. Hukumar abinci ta WFP ta yi gargaɗin dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas. Wanda yake Bagudo yana jiran jirgin sama ya kawo masa ɗauki daga ƙetaren teku, gara ya san halin da ake ciki.

Akwai tambayar da na daɗe ina juyawa: abin da ƙasashe masu arziki suke bayarwa, sadaka ce ko diyya? Mu dai mun saba cewa ambaliya iftila'i ce daga Allah, kuma haka ne, babu abin da yake faruwa ba da izininSa ba. Amma shari'armu ba ta taɓa cewa don abu ƙaddara ne a yafe wa wanda shanunsa suka shiga gonar wani ba. Masana yanayi da suka bincika ruwan saman da ya haddasa ambaliyar 2022, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara masa ƙarfi da yiwuwar aukuwa. Hayaƙin da ya ɗumama duniyar kuwa ba daga murhun matan Lolo ya fito ba. A taron yanayi na Masar a 2022 an amince da kafa asusun asara da ɓarna, a na Dubai a 2023 aka yi alƙawarin kimanin Dala miliyan 700. Sai dai tun a yarjejeniyar Faris ta 2015 manyan ƙasashe suka sa aka rubuta cewa wannan batu ba ya nufin ɗaukar laifi ko biyan diyya. Sun san bambancin kalmomin sarai. Mai karɓar sadaka godiya ce tasa, ba ya cewa ta yi kaɗan ko ta makara. Mai bin diyya kuwa yana da bakin tambaya. Ni a ganina akwai kason diyya a cikin wannan kuɗi, kuma ya kamata wakilanmu su riƙa faɗin haka ba tare da sunkuyar da kai ba. Sai dai wanda zai nemi haƙƙi a waje, dole ya fara sauke na cikin gida. Asusun kula da muhalli na tarayya yana nan tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi suna karɓar kasonsu, kuma ba baƙo ne ya hana a ɗaga hanyoyin ƙauyukan bakin Kwara ko a tanadi jiragen ceto da rigunan ruwa ba.

Roƙona na farko ga abokan aikina ne, masu rubutu da masu fassara labarai. In alƙawari aka yi, mu ce alƙawari, mu kuma koma bayan wata uku mu tambaya ko an cika. In kaya ya iso bayan ruwa ya janye, mu ce an kai jaje, jaje ma abu ne mai kyau, amma kada mu kira shi agajin gaggawa. Kada mu ce tallafi sai mun ga iri a hannun manomi. Na biyu ga hukumomin Birnin Kebbi da Abuja da takwarorinsu na Kandi da Kwatano, da duk wata ƙungiyar waje da take da niyyar taimako: ku zauna tun watan Mayu, lokacin da hasashe ya fito, ku ajiye kuɗi da hatsi da man jirgi a Bagudo da Malanbil, ku ba masu gari da masu jirgi amanar wani kaso, ku kuma yarda cewa ranar da ma'aunin Yamai ya nuna haɗari, buhun abinci zai ƙetare iyaka ba tare da an tare shi ba. Kwara za ta sake cika a watan Agusta.